Dodon Da Bai Haɗiye Adjeley Ba

"Anti, sau ɗaya tak. Ki buɗe baki ki ƙwalla ihun nan irin na cikin fim, shi ke nan mu tafi mu bar ki ki huta."

Okpoti ne ke magana, ɗan ƙanin Adjeley, yana tsugune gaban kujerarta da takalminsa mai sheƙi. Samari biyu na tsaye a bayansa, ɗaya ya saita mata waya, ɗaya ya haska mata fitila da rana tsaka. Ni ina bakin murhuna a tsakar gida ina naɗe dokunu, tuwon masarar nan namu mai tsami, a ɓawon masara. Ɗakina da na Adjeley bango ɗaya ya raba su tun muna da ƙarfinmu, saboda haka duk abin da ya shiga kunnenta ya shiga nawa.

Adjeley ta ɗago kai. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta bara, rabin fuskarta ya kwanta, magana kuma sai a hankali take fita.

"Wane ihu?" in ji ta.

"Na lokacin da dodon ya fito daga ruwa mana."

"Ka kalli fim ɗin?"

"Haba Anti! Duniya duk ta kalla. Yawo yake yi a waya."

"Fim ɗin na ce, ba guntun da kuke wa dariya ba."

Okpoti ya sosa ƙeya.

"To je ka kalla," in ji ta. "Fasto ya yi ihu. Ɗan sanda ya yi ihu. Mazan gari kaf sun yi ihu. Ni ban yi ba."

Sai ta kafe shi da idon nan nata guda mai lafiya. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma mai riƙe da fitila bai san lokacin da ya sauke hannunsa ba. Na ajiye ɓawon masara na miƙe.

"Ku tashi ku ba mu wuri. Baiwar Allah ko kokonta ba ta sha ba, kun zo kuna haska ta kamar ɓarauniya."

"Anti Korkor, suna muke nema mata fa."

"Ta yi suna tun kana tsiyayar majina. Fita!"

Bari in gaya muku abin da ke cikin guntun da suke wa dariya. Dodo ne mai siffar ƙaguwa yana rarrafowa daga teku, sai ƙahon hannunsa ɗaya ya cire ya faɗi a yashi, ga kuma ƙafar mutum da silifa tana leƙowa ta ƙasa. Wani mara aikin yi ya yanko wannan wurin kaɗai, ya ɗora masa sautin dariya, ya watsa. Ni ban ce dodon ba abin dariya ba ne. Da soson tsohuwar katifa aka yi shi, da robar taya, da jan fenti. Ataa Anang masunci ne ke shiga cikinsa, don shi ne mai faɗin kafaɗa a unguwarmu, kuma sau biyu yana suma saboda zafi. A nan bayan gidanmu aka ɗauki fim ɗin, a bakin ruwan Teshie da ke gefen Accra, da kyamara ɗaya da aka aro wajen mai ɗaukar biki. Kaset ma bai isa a maimaita komai ba. Abin da ya faɗi ya faɗi ke nan.

Yadda mai shirya fim ɗin ya tsara, Adjeley za ta ga dodo, ta yi ihu, ta sume, wani kyakkyawan ɗan sanda ya zo ya cece ta. Ta ce masa, "Ni da nake fasa kan kifi tun ban kai tsawon turmi ba, soson katifa ne zai sumar da ni?" Suka yi ta ja-in-ja. Allah da ikonsa, ranar ɗaukar ƙarshen fim kifi ya shigo, mai fitowa a ɗan sanda ya bi jirgi ya tafi teku abinsa. Mai shiri ya dafe kai ya ce mata ta yi duk abin da ta ga dama, rana na faɗuwa.

Abin da ta ga dama shi ne abin da muka kalla a gidan bidiyo, muna zaune a benci, janareto na kuka a waje. Mace mai bandar kifi, dodo ya cinye mijinta, maza sun watse. Ta zauna ta lura cewa sai ruwa ya cika yake fitowa. Ta haƙa rami, ta shimfiɗa taru, ta zuba hanjin kifi. Dodo ya yaga tarun ya nufo ɗakinta, inda yara biyu ke kwance a tabarma. Barcin gaske yaran suke yi, don an daɗe ana jira. Ɗayansu Okpoti ne, wanda ta ɗauko ta riƙe bayan teku ta cinye ubansa.

Da hannun dodon ya cire, mu ma mun yi dariya, har da masu buga benci. Sai kyamara ta juyo kan fuskar Adjeley. Tana tsaye a ƙofa da filafilin tuƙa kwale-kwale. Ta dubi hannun da ya faɗi, ta sa ƙafa ta taka shi, ta ɗago ido. Tsoro na nan a fuskarta, kowa ya gan shi, leɓenta na rawa, amma ƙafarta ba ta matsa ba. Ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada ta tashi yaran:

"Akwai masu barci a ɗakin nan. Iyakarka nan."

Wallahi ɗakin kallon nan ya yi tsit. Matar da ke kusa da ni ta jawo ɗanta ta ƙanƙame. Mun san soso ne, mun san Ataa Anang ne, wasunmu da safe suka sayi kifi a hannunsa. Amma muna kallon fuskarta muka yarda akwai abin da zai ci yaran nan.

Aka yi kashi na biyu, aka yi na uku, duk ita ke gamawa da shi. Shekaru bayan nan, a Teshie in miji ya dawo a buge yana neman fitina, matarsa tsayawa take a ƙofa ta ce masa iyakarka nan. Da gidajen bidiyo suka mutu, Adjeley ta koma kan bandar kifinta ba tare da ta yi wa kowa ƙorafi ba. Filafilin ta jingine shi a bayan ƙofa. Okpoti ya girma, ya samu aiki a Accra, ya manta lungunmu, sai da guntun nan ya fara yawo ya tuna yana da gwaggo.

Ba a daɗe da zuwansa da masu fitila ba, na biya shagon Ataa Sowah kafinta. Ina da ajiya a can. Da mijina ya rasu a akwati mai siffar kwale-kwale muka binne shi, shuɗi da fari kamar jirginsa, ni kuma na sa aka yi mini irinsa sak, don in bi shi a abin da zai gane. Yana rataye a saman shagon, lokaci-lokaci nakan je in duba ko gara ta taɓa shi. Ranar ina shiga, tsakanin wani kifi da aka yi wa masunci da wata mota da aka yi wa direba, na ga wani abu mai faɗi, an kafa masa ƙafafu ta ko'ina.

"Ataa Sowah, wannan kuma na wane ne? Mai kamun ƙaguwa ya rasu?"

Ya ci gaba da goge katako, bai dube ni ba.

"Da kai nake."

"Okpoti ne ya kawo hoto a waya," in ji shi. "Ya ce in yi shi sak."

Na ji kaina ya yi dum. "Matar tana da rai! Da safen nan na ba ta koko da hannuna!"

"Ke ma kina da rai, ga naki can a sama."

"Ni na zaɓi nawa!"

"Korkor, ni abin da dangi suka ce in sassaƙa nake sassaƙawa. Je ki yi da su."

Na dawo gida ina ta saƙe-saƙen yadda zan ɓoye mata. Wahalar banza na yi. A Teshie magana ba ta kwana, mai sayar mana da gawayi ta riga ni. Da la'asar ina ba ta koko da cokali, sai ta kau da baki.

"An ce ƙafa takwas gare shi."

Na yi kamar ban ji ba.

"Namu shida ne. Katifar ba ta isa ba." Ta yi 'yar dariya da rabin baki, dariyar ta tsaya. "Korkor, fim uku bai haɗiye ni ba. Sai yanzu da ba zan iya ɗaga hannu ba za su buɗe cikinsa su saka ni, su rufe, yara na ɗauka a waya."

"Ba za a yi ba."

"Kada ki bari."

"Adjeley, ni maƙwabciya ce. Kin san gawa ta dangi ce. Wa zai saurare ni?"

Ta juyo da idon nan ta ɗora mini. "Ni ma ba ni aka rubuta in kashe shi ba."

Na goge mata baki da gefen zanina.

Daga nan jikin ya yi ta ja baya. Ta daina fitowa kujera. Wata safiya ta ce in buɗe mata taga tana son jin warin teku, ta ce kuma in matso mata da filafilin kusa da gado. Na yi, na fita na hura wuta, na ɗora tukunya. Ina jin numfashinta ta taga, yana hawa yana sauka. Kafin dokunu ya nuna na daina ji. Na shiga na tarar hannunta mai lafiya yana kan filafilin, na rufe mata ido na zauna a ƙasa na yi kukana ni kaɗai kafin in kira kowa.

Aka kai ta mutuware, dangi suka sa ranar zama. Suka taru a tsakar gidanmu a kujerun roba, dattawa a gaba, mata a gefe. Awo Ashorkor, babbar mace a danginsu, wadda ita ke jagorantar wankan gawa, tana zaune tana tauna asuwaki. Ni ba a gayyace ni ba, amma murhuna a nan yake, wa zai tashe ni? Okpoti ya miƙe ya baje takardar sanarwar jana'iza da ya bugo. Kai jama'a! Dodon ya cinye takardar kaf, Adjeley kuwa tana can a lungu, ƙanƙanuwa, sai ka matso za ka gane ta.

"Kowa a aikinsa ake binne shi," in ji Okpoti. "Anti aikinta fim. Me duniya ta sani a fim ɗin? Dodo. Mutane za su zo daga Accra, har da Turawa masu sayen tsofaffin zanen fim. Sunan gidanmu zai fita."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ban san lokacin da na tsoma baki ba.

"Ta ce ba ta so. Da bakinta ta gaya mini."

Duk suka juyo.

"Masunci ana sa shi a kifin da ya ciyar da shi," na ce. "Wannan abin cinye ta ya zo yi!"

"Maharbi fa?" in ji Okpoti, yana murmushi. "Ba a damisa ake sa shi ba? Abin da ya kashe ne. Girmamawa ce, Anti Korkor."

"Wa ka taɓa gani yana yi wa damisa dariya? Kai ko fim ɗin ba ka kalla ba, da ka kalla da ka ga wanda ke..."

"Anti Korkor." Ya ɗaga mini hannu, ni, a gaban mutane. "Da girmanki. Mun gode da koko, mun gode da wanki. Amma wannan maganar ta jini ce."

Wani dattijo ya ce haka ne. Awo Ashorkor ta tofar da asuwaki. Na koma bakin murhu, na yi ta tura itace har tukunyar ta kusa ƙonewa. Yaron da na sha wanke wa gindi in Adjeley ta tafi kasuwa, yau shi ke gode mini da wanki.

Washegari na koma shagon Ataa Sowah. Na ce ya sauko da kwale-kwalena ya goge shi.

"Korkor, lafiya? Naki ne fa. Mijinki na can yana jiran ki a irinsa."

"Ya jira. Ni na sha jiran sa a bakin ruwa."

"Dangi ba za su karɓa ba."

"Kai dai goge."

Ya dube ni, sannan ya jawo tsani. Daga can na biya bakin ruwa wajen Ataa Anang, yana zaune a inuwar jirgi yana ɗinkin taru, ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari. Na gaya masa komai. Bai ce zai yi wani abu ba, cewa kawai ya yi zai zo jana'iza. Ni ma kaina ban san abin da zan yi ba. Ina da akwati, ba ni da iko.

Ranar Asabar da safe aka kafa rumfuna har bakin titi, baƙaƙe da jajayen tufafin makoki ko'ina. An dawo da ita, Awo Ashorkor da matan dangi suka yi mata wanka a ɗakinta, ni ina miƙa musu ruwa. Suka sa mata farin leshi, suka ɗaura mata kallabi, suka kwantar da ita a gado. Mutuwa ta gyara mata fuska, ɓarin da ya kwanta ya daidaita, ta koma Adjeley ɗin da na sani.

Sai muka ji badujala ta shigo lungu, da shewa, da dariya. Na leƙa ta taga. Samari ne 'yan haya cikin fararen safar hannu, suna rawa da dodo a kafaɗa, ja jawur, da idanun ƙwan fitila. Wayoyi sun tashi sama kamar ana roƙon ruwa. Sai na ga abin da ya ƙarasa ni. Okpoti ya sa an yi wa hannun dodon ɗaya maƙala, yana reto, in suka girgiza sai ya faɗo, jama'a su kwashe da dariya, a mayar. A ƙarƙashinsa kuma an sassaƙa ƙafar mutum da silifa. Wannan suka kawo wa matar da ke kwance a bayana cikin farin leshi.

Filafilin na jingine a gefen gado. Na ɗauka. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na fita na tsaya a bakin ƙofa, na dogara shi a ƙasa.

Ni ba 'yar fim ba ce. Masu rawa suka iso har gabana suna juya dodo, hannunsa na reto a saitin fuskata. Na buɗe baki, muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Akwai mai barci a ɗakin nan."

Samari suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kai! Ga kashi na huɗu!" Wani ya ce, "Kaka, ɗaga sandar sama, ba ta fito ba!" Na kasa ƙarasa sauran maganar. Na ji hawaye na zuwa, na ce shi ke nan, na kunyata ta na kunyata kaina.

Daga can ƙarshen rumfa, inda tsofaffin masunta ke zaune, wata murya ta ce, "Iyakarka nan."

Ataa Anang ne. Ya miƙe yana gyara mayafinsa a kafaɗa. Mai sayar da gawayi ta ce, "Iyakarka nan." Wata tsohuwa da ban ma san ta ba ta faɗa. Sai ga shi yana fitowa daga ko'ina a rumfunan, daga bakin masu furfura, maza da mata, ba da ihu ba, ƙasa-ƙasa yadda ta faɗe shi. Mai busa ƙaho ya sauke ƙahonsa. Masu rawa suka tsaya suna kallon juna, dodo na lilo a kafaɗarsu.

Ataa Anang ya tako har tsakar gida, ya zagaya akwatin yana duba shi da idonsa mai gani.

"Kafinta ya yi ƙoƙari," in ji shi. "Har silifana ya sa. To ku ji, yara. Ni ne na shiga cikin abin nan, ba sau ɗaya ba. Ranar da matar nan ta dube ni ta ramin ido, na manta ni ne dodon, saura kaɗan in juya in gudu. Ku sauke shi ƙasa, kafaɗarku ta huta."

Suka sauke. Okpoti ya ratso jama'a, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wane irin abu ne wannan? Ga baƙi sun zo daga nesa! Awo! Awo Ashorkor, ki fito ki gaya wa matar nan dangi sun riga sun yanke!"

Awo Ashorkor ta fito ta tsaya a bayana, tana goge hannu da tsumma.

"Dangi sun yanke akwati," in ji ta. "Ɗaukar ta daga gado kuwa aikinmu ne, mu mata. Ni na wanke ta yanzun nan, na dubi fuskarta, hannuna ya ƙi. Sauran ma nasu ya ƙi. In kai naka zai iya, ga ɗaki, shigo ka ɗauka."

Kowa ya san namiji ba ya taka ɗakin da mata suka shirya gawa. Amma Okpoti ya taho har bakin ƙofa, har ina jin ƙamshin turarensa. Ban matsa ba. Tsoron ya tafi, haushi ne kawai ya rage.

"Anti Korkor, ki ba ni hanya."

"Ka san su wa ke barci a ɗakin nan cikin fim ɗin?"

"Ba lokacin wannan ba ne."

"Yara biyu ne a tabarma. Ɗaya 'yar mai gawayi, ga uwarta can. Ɗayan mai ƙaton ciki da yagaggen wando, ya sa yatsa a baki. A ɗakin nan, a wannan ƙofar. Da kyamara ta juyo kanta, ba soson katifa take tunani ba, ruwan da ya ci ubanka take tunani. Kai take karewa, sakarai, kai! Ka je ka yanko silifa kana nuna wa duniya."

Ya leƙa ta saman kafaɗata, ya ga gadon, ya ga ƙasan ɗakin inda tabarmar take a da. Ya daɗe a haka. Ɗaya daga samarinsa ya matso da waya kusa da fuskarsa, Okpoti ya sa tafin hannu ya rufe ta. Sai ya juya ya koma rumfa ya zauna a kujerar baya, ya sunkuyar da kai. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

"To a me za a sa ta?" in ji wani dattijon dangi. "A tabarma?"

"Akwai kwale-kwale a shagon Ataa Sowah," na ce. "An goge shi."

Awo Ashorkor ta dube ni, don ta san na wane ne. Ta dafa kafaɗata, ta koma ciki.

Tsofaffin masunta ne suka je suka ɗauko shi, su ne kuma suka ɗauke ta zuwa maƙabarta, suna tafiya a hankali suna canja kafaɗa, don ba mai sauran ƙarfi a cikinsu. Da hannuna na kwantar da filafilin a gefenta kafin a rufe. Baƙin Accra wasu suka biyo mu, wasu suka tsaya ɗaukar hoto da dodo. Okpoti ya zo maƙabarta, ya zuba ƙasa, ya shiga motarsa. Har yau bai gaishe ni ba, ni ma ban neme shi ba. An ce ya sa a nemo masa kaset ɗin, ban sani ba ko gaskiya ne.

Akwatin da ya bar shago kafinta ba ya karɓar sa, dangi kuma ba mai son sa a gidansa. Aka tura dodon bayan rumfar murhuna aka bar shi. Ruwan sama ya wanke jan fentin, hannun nan mai reto ya cire gaba ɗaya, na sa shi a wuta ranar da itace ya yanke mini. Na daina biyawa shagon Ataa Sowah, ba ni da abin dubawa a can.

Jiya da hantsi ina zaune ina naɗe dokunu, ƙofar Adjeley a rufe da kwaɗo, na ji motsi a cikin dodon. Na dakata. Baƙar kazata ce, da na daɗe ina nema, ta fito ta bakinsa, 'yan tsaki na biye da ita, suka ratsa tsakar gida suka je suka kwanta a inuwar ƙofar.